Mai Majigi Da Magajinsa A Ƙasar Arewa

Daga cikin sana'o'in da zamani ya kawo ƙasar Hausa, waɗanda ba a gada daga kakanni ba, akwai wata wadda ba ta da sarki kamar yadda maƙera da mahauta suke da nasu, ba ta da rumfa a kasuwa, ba a kuma taɓa yi mata kiɗa ko kirari ba, alhali kuwa yau kusan shekara ɗari ke nan tana tara jama'a a ƙofar fada da farfajiyar makaranta fiye da yadda wani maroƙi ya taɓa tarawa. Ita ce sana'ar mutumin da yake tsayawa a bayan na'ura cikin duhu, yana jefa hoto a jikin farin ƙyalle, wanda ba a tunawa da shi muddin hoton yana tafiya, amma da zarar ya tsaya sai idanun gari duka su juyo kansa. A da ana kiransa mai majigi. Magajinsa na yau saurayi ne mai kwamfuta a cinya, wanda ake kira idan za a yi taron manoma ko na ma'aikatan lafiya a zauren ƙaramar hukuma, shi ne yake haska shafuffukan bayani a bango, shi ne kuma yake shan kallo idan wani maɓalli da aka dasa a cikin shafi ya ƙi motsi. Abin da nake so in nuna shi ne, ko da yake kayan aikin sun sake kama har sau uku ko huɗu, cutar da take damun wannan sana'a ba ta sake ba, kuma mazauninta guda ne tun farko, wato mahaɗar da ake cusa wani abu a cikin wani abin da ba tare aka ƙera su ba.

Wanda yake zaune a Kiyeshe, kudu da Dogon Dutsi a cikin kwarin Dallol Mauri, yana da matsayi mai kyau na duban wannan tarihi, domin ƙasar Arawa, tun daga Matankari da Bagaji har zuwa Tibiri wadda aka yanke ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ƙasa ce da iyakar Turawa ta ratsa kusa da ita ba tare da ta raba harshe ko kasuwa ko auratayya ba. A zamanin Turawa mulkinta na Faransa ne, amma 'yan ci-raninta da fatakenta ba su daina bin hanyar Argungu da Sakkwato da Kano ba, saboda haka labarin majigin Ingilishi da na Faransa duka biyu sun zama nata, ɗaya ta gani a gida, ɗaya kuma matafiya suka kawo mata.

Asalin ilmin kuwa ya girmi Ingila da Faransa duka a wannan fage. Malam Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna a Alƙahira, shi ne ya wallafa Kitabul Manazir a farkon ƙarni na 11, inda ya kafa hujja bisa jarrabawa cewa haske yana tafiya a miƙe, kuma daga abin da ake gani yake zuwa ga ido, ya kuma bayyana yadda hasken fitilu yake shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya sauka a bango. Bayansa da shekaru fiye da ɗari shida, wajen 1659, wani masani na ƙasar Holan mai suna Christiaan Huygens ya haɗa fitila da gilashi da zane a cikin akwati guda, ya jefa zanen a bango ya yi girma. Duk majigin da aka yi daga baya, har da wanda ake ɗaurawa a kwamfuta, rukunansa uku ke nan: haske, da hoto, da gilashin da yake tsakaninsu da bango.

Shigowar abin ƙasarmu ta hannun ma'aikatan lafiya ne. Wani Bature mai suna William Sellers, jami'in tsabta a Ikko, ya fara amfani da fim a ƙarshen shekarun 1920 don ya nuna wa mutane yadda ɓera yake yaɗa annoba, da abin ya karɓu sai aka ƙera masa mota mai ɗauke da injin wuta da majigi da lasifika, wadda take iya shiga ƙauyen da bai taɓa ganin lantarki ba. A 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, gwamnatin Ingila ta kafa hukumar shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kanta, daga nan motocin suka yawaita, har daga bisani Gwamnatin Jihar Arewa ta Nijeriya ta gaji aikin ta hannun ma'aikatar watsa labarai, ta riƙa nuna rangadin Sardauna Ahmadu Bello, da sha'anin zaɓe, da wasanni masu koyar da noma irin su Baban Larai, wanda dattawa da yawa ba su manta da shi ba har yau.

Ga yadda daren majigi yake. Mota takan iso da la'asar ta sauka a wurin hakimi ko dagaci, a yi gaisuwa, a zaga gari da lasifika ana shela. Bayan sallar magariba a kafa ƙyalle a fili, a ja injin wuta can nesa gwargwadon tsawon waya don kada ƙararsa ta danne magana, yara su zauna a ƙasa a gaba, manya a kan tabarmi da kujeru, mata daga gefe ko daga baya. Ma'aikatan motar galibi uku ne masu muhimmanci: direba, wanda sau da yawa shi ne makanikin injin, da mai sarrafa majigi, da mai sharhi, wanda yake riƙe da abin magana yana fassara hoton da Hausa, domin da yawa daga finafinan ko dai ba su da murya ko kuwa muryarsu ta Turanci ce. A nan ne mahaɗa ta farko ta bayyana, domin hoton an ɗauko shi a wani wuri, maganar kuwa ana yin ta a nan take, kuma idan mai sharhi ya yi gaba ko ya yi baya da numfashi biyu kawai, sai ya zama yana bayanin rijiya alhali a ƙyalle an riga an koma kan masai, jama'a su fashe da dariya, wa'azin tsabta ya tashi a banza.

Da fim mai murya ya samu, mas'alar ta koma cikin na'ura, ba ta gushe ba. Zaren fim na milimita 16, wanda shi ne motocin suke ɗauka, yana gudu hoto 24 a kowace daƙiƙa, muryar kuma an rubuta ta a gefensa, siririn layi ne wanda wata 'yar fitila take haskawa ta mayar da shi sauti. To, amma wurin da ake haska hoto da wurin da ake karanta murya ba wuri guda ba ne a jikin majigi, kuma ɗabi'arsu ta saɓa, domin hoto yana bukatar zaren ya riƙa tsayawa yana zabura, murya kuwa tana bukatar ya gudana sumul ba tangarɗa; saboda haka masu ƙira suka sa murya ta riga hotonta da tazarar hoto 26 daidai, suka kuma wajabta wa mai majigi ya bar 'yar lanƙwasa a zaren, sama da ƙasan taga, wadda za ta shanye zaburar. Idan haƙoran na'ura suka tsallake rami guda a zaren da ya tsufa, lanƙwasar ta ɓace, sai hoto ya kama rawa, leɓe ya motsa dabam magana ta fito dabam, in ba a yi sauri ba zaren ya tsinke. Gwanin mai majigi shi ne wanda, tun kafin jama'a su fara ihu, kunnensa ya riga ya ji sauyin ƙarar haƙoran, ya sa yatsa ya maido da lanƙwasar ba tare da ya kashe fitila ba. In kuwa ya tsinke, ya san yadda zai kankare bakin zaren da reza, ya shafa ruwan liƙi, ya danne, ya ci gaba. Ƙurar hunturu tana taruwa a taga ta karce hoton da dogayen layuka, ƙwan fitila yana ƙonewa idan injin ya yi tashin gauron zabi, bel yana saki da zafi, kuma kowace daga cikin waɗannan illoli tana da alamarta wadda ba a koyonta sai da daɗewa a gindin na'ura.

Akwai kuma kuskuren gano cuta wanda ya fi na na'ura muni, kuma wajibi ne a faɗe shi. Sellers da mutanensa, da suka ga wasu finafinansu ba su isar da saƙo ba, sai suka yanke hukunci cewa aibin yana idon Baƙar fata, wai bai iya karanta hoto ba, suka kafa ƙa'idoji na yin fim a hankali ƙwarai, ba yanke-yanke, ba dabarun kyamara, kamar ana magana da ƙaramin yaro. Wannan zalunci ne a hukunci, domin mutanen nan su ne waɗanda, da aka buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937 da waɗanda suka biyo bayansa, suka cika su maƙil suna bin labaran Amurka, daga baya na Indiya, masu sarƙaƙiya, ba tare da tafinta ba. Aibin yana ga fim ɗin da aka shirya a nesa ba tare da sanin masu kallonsa ba. Kano ta ga mafi munin masifar wannan sana'a ranar 13 ga Mayu 1951, sa'ad da gidan silima na El Duniya ya kama wuta, mutum 331 suka rasu, Allah ya ji ƙansu; zaren manyan gidajen silima na wancan zamani kuwa abu ne mai saurin kamawa da wuta, saɓanin na milimita 16 wanda tun farkonsa ba a yi shi da wannan sinadari ba, wanda hakan yana cikin dalilan da suka sa aka amince a loda shi a mota a shiga da shi garuruwan da rufinsu na ciyawa ne.

A ɓangaren Nijar kuwa, bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta ɗauki wata hanya wadda ta fi kusa da abin da muke yi yau da kwamfuta. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari suke taruwa su saurari shiri tare, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a mayar Yamai. A 1964 aka fara gwajin koyarwa ta talabijin a makarantu. Tsakanin waɗannan biyu akwai wata dabara ta yaƙi da jahilci wadda ta haɗa rediyo da majigi: ana aika wa malamin aji jerin hotuna marasa motsi tun da wuri, sa'an nan idan lokacin darasi ya yi, murya ta fito daga rediyo tana bayani, shi kuma yana sauya hoton bi da bi idan an ba shi alama. Dabarar ta yi suna har hukumar UNESCO ta sa ta cikin nazarin da ta buga a 1967 game da sababbin hanyoyin koyarwa. Hikimarta a fili take, domin ta ba ƙauye rabin amfanin talabijin da kuɗi kaɗan. Amma duk wanda ya yi tunani zai ga inda rauninta yake, domin murya tana Yamai, hoto yana ƙauye, ba abin da ya ɗaure su sai kunnen malami da amanar mai kawo saƙo. In batir ya yi sanyi, ko iska ta ɗauke tashar a tsakiyar darasi, ko jerin hotunan wannan mako bai iso ba, ko aka sa ɗaya a kife, to malamin ba shi da ikon ce wa rediyo ta dakata.

Ba zan wuce wannan zamani ba sai na ambaci Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, domin shi ne shaida mafi ƙarfi a kan cewa gyara da ƙirƙira 'yan ɗaki ɗaya ne. Makaniki ne tun farko, kuma tun yana yaro yake yanka siffofi yana haska inuwarsu da fitila don ya nishaɗantar da 'yan garinsu, kafin ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin fim na zane mai motsi a Afirka ta Yamma. Ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, ya kuma yi yawo da majigi yana kai wa mutanen karkara fim har gida. Ƙasar Arewa ma ta shiga ƙyalle: Marc-Henri Piault, wanda ya wallafa tarihin Arawa a 1970, ya ɗauki finafinai a cikinsu, sa'an nan labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, ya zama fim a hannun Med Hondo a 1986 bisa littafin Abdullahi Mamani, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Abin baƙin ciki, a Burkina Faso aka ɗauke shi, nesa da Lugu.

Sauran tarihin gajere ne. Kamfanin Kodak ya fito da majigin Carousel a farkon shekarun 1960, mai faifai zagayayye da yake ɗaukar hoto 80, ya zama abokin tafiyar malaman gona da na asibiti har aka daina ƙera shi a 2004. A 1987 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Forethought, inda Robert Gaskins da Dennis Austin suke aiki, ya fitar da PowerPoint, a cikin shekarar kuma Microsoft ya saye kamfanin a kan dala miliyan 14. Abin lura shi ne, manhajar ba don haskawa daga kwamfuta aka fara yin ta ba. Aikinta na farko shi ne shirya shafuffukan da za a buga a kan leda mai haske a ɗora a majigi, sa'an nan hotuna masu launi na milimita 35, sai a 1992 ta fara aika hoto kai tsaye zuwa bango. 'Yar majigi ce ta jini, ta kuma gaji cutar gidansu.

Ga yadda ta gaje ta. Mutane ba su gamsu da shafi mai rubutu da hoto kawai ba, suka so shafin ya yi aiki: a danna maɓalli ya lissafa buhun taki nawa kadada take ci, a zaɓi sunan gari taswira ta sauya, a rubuta amsa a cikin akwati a ga ko daidai ce. Don biyan irin wannan bukata Microsoft ya kafa tsarin cusa abu cikin abu mai suna OLE a 1990, ya faɗaɗa shi da sunan ActiveX a 1996, sa'an nan PowerPoint 97 ya zo da harshen umarni na VBA, wanda da shi mai shirya bayani yake iya rubuta layi guda, ta hanyar umarnin AddOLEObject, ya ce a dasa kaza a shafi kaza, a nan, da faɗi kaza. Abin da mafi yawan mutane ba su sani ba, kuma shi ne tushen kusan dukan wahalar, shi ne cewa 'yar na'urar da aka dasa ba ta shiga cikin fayil ɗin da jikinta. Abin da fayil yake ɗauka shi ne sunanta, da lambar shaidarta, da siffofin da aka zaɓa mata, da hoton kamanninta. Ita kanta tana zaune a wani fayil dabam a cikin kwamfutar wanda ya yi aikin, kuma Windows yana da babban littafin rajista inda aka rubuta cewa mai suna kaza yana zaune a wuri kaza. Masu lambu a fadamun Dallol sun san wannan a auren mangwaro: reshen da aka ɗaura ba ya rayuwa da kyawunsa, sai in gindin da aka ɗaura shi a kai ya karɓe shi ya shayar da shi.

Saboda haka idan umarni ya tsaya, allo ya ce ba a iya dasa wannan abu ba, tambaya ta farko ita ce ko an rubuta sunan daidai harafi da harafi, ta biyu kuma ko an yi wa abin rajista a wannan kwamfuta, wanda ake yi da umarnin regsvr32 kuma sai da izinin mai iko da na'urar. In waɗannan sun inganta, sai a duba jinsi, domin tun daga Office 2010, wato tarin da PowerPoint yake ciki, manhajar ta kasu biyu, mai bit 32 da mai bit 64, kuma ta biyun ba ta iya ɗaukar abin da aka ƙera don ta farkon ko da rajistarsa ta cika. Wannan ita ce illar da ta fi ruɗa mutane, domin komai a zahiri daidai yake. Akwai kuma waɗanda maƙeransu suka sa musu sharaɗin lasisi, suna aiki a gidan wanda ya saya, su ƙi a gidan wanda aka ba aro. Akwai wanda ya rubuta umarninsa da kyau, ya adana fayil da nau'in pptx maimakon pptm, umarnin duka ya zube, maɓalli ya rage ba rai. Akwai ma wanda ba abin da ya lalace masa, illa dai yana danna maɓallin a wurin shirya shafi, alhali ba ya amsawa sai an shiga haskawa. Kwamfutar Mac da wayar hannu kuwa ba su san ActiveX ba sam, hoton maɓallin kawai za su nuna.

Wani lokaci kuma laifin daga sama yake saukowa. A watan Disamba na 2014 Microsoft ya aiko da gyaran tsaro wanda, washegari, ya sa maɓallai suka daina aiki a ofisoshi a duniya duka, mutane suka yi ta zargin kansu da rubutunsu, har aka gane cewa wasu ƙananan fayiloli masu ƙarshen exd, waɗanda manhajar take ajiyewa a ma'ajiyar wucin gadi don tunawa da siffar kowane maɓalli, sun saɓa da sabon abin da aka aiko. Maganin shi ne a share su kawai, manhajar ta sake rubuta sababbi. Wannan ya warke. Wanda bai warke ba shi ne na Flash, wanda dubban malamai suka dasa hotuna masu motsi da shi a cikin darussansu, sa'an nan kamfanin Adobe ya janye hannunsa daga gare shi a ƙarshen 2020, ya bar farin akwati a inda darasi yake. Daga 2022 Office ya fara toshe umarnin da yake cikin fayilolin da aka sauko da su daga intanet, kuma a Office 2024 an kashe ActiveX tun daga tushe sai wanda ya kunna da gangan. Ba na zargin kamfanin a kan wannan, domin ƙofar da maɓalli yake shiga ita ce ɓarayin kwamfuta suka daɗe suna bi, kuma toshe ta maslaha ce. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya shirya bayani a Yamai ko a Turai ya aiko da shi karkara, wajibinsa ne ya san haka.

Domin kuwa ga abin da yake faruwa a zauren taro. An tara shugabannin ƙungiyoyin manoma tun hantsi, wasu sun zo a kan babur daga nesa, wasu a amalanke, an rufe tagogi da zannuwa don a sami duhu, zafi ya cika ɗaki, injin wuta yana ruri a waje yana shan man da aka auna da lita. Shafi na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, aka zo shafin da za a shigar da yawan gero a ga lissafin bankin hatsi, saurayi ya danna, shiru. Wani dattijo daga gaba ya gyara zama ya ce, «Ɗana, lafiya dai?» Yaron, gumi yana zuba masa, ya ce, «Lafiya lau, Baba, a yi mini haƙuri kaɗan.» Wanda ya zo da bayanin ya matso ya ce a kunnensa, ai jiya a ofis ya yi aiki. Gaskiya ya faɗa, kuma a cikin gaskiyar tasa amsar take, domin a ofis gindin yana nan, a nan kuwa reshe kaɗai aka kawo a cikin 'yar ma'ajiyar da ake rataye da makulli. A Yamai sai a sauko da abin da ya ɓace cikin minti kaɗan. A inda layin intanet yake zuwa yana ɗaukewa, wannan kan iya cinye yinin mutum arba'in a tsakiyar lokacin aiki.

Gwanayen wannan zamani da na lura da aikinsu, hanyarsu ita ce ta tsohon mai majigi, kuma tana kama da ta malaman hadisi wajen binciken isnadi, inda ba a yanke wa matani hukunci sai an bi masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya an ga inda silsila ta yanke. Ba sa taɓa abu biyu a lokaci guda. Sukan buɗe sabon shafi fari fat su gwada dasa maɓalli na gama-gari da hannu. In ya shiga, sun san manhajar lafiya take, sai su gwada shi da umarni. In ya shiga, sun san harshen umarni a buɗe yake, sai su kawo baƙon abin su gwada da hannu, sa'an nan da umarni. A duk matakin da ya tsaya, nan cutar take, kuma sukan rubuta lambar kuskuren a takarda kafin su rufe saƙon. Mai gaggawa kuwa sai ya sake girka komai, wani lokaci ya dace, amma bai san abin da ya gyara ba, gobe in ta dawo yana nan inda yake jiya. Kuma kafin duk wannan sukan fara da wuta da waya, domin lantarkin yammacin Nijar yawancinsa daga Nijeriya ya riƙa zuwa ta layin Birnin Kabi tun daga 1976, kuma kowa ya ga yadda aka yanke shi a watan Agusta na 2023 bai dawo ba sai a Maris na 2024.

Ra'ayina a kan wannan a bayyane yake. Duk bayanin da za a kai karkara ya kamata a shirya shi bisa zaton cewa kwamfutar da za ta karɓe shi baƙuwa ce, tsohuwa ce, ba ta kuma da intanet: a rage dashe-dashe iyakar iyawa, lissafi a bar shi a takardar lissafi dabam, a riƙe kwafi na biyu wanda hotuna ne zalla, a kuma gwada a kan na'urar da za a yi aiki da ita tun daren jiya. Ya kuma kamata ƙungiyoyin da suke kashe kuɗi wajen sayen majigi su kashe kaɗan wajen koyar da yaron da zai riƙe shi, su sa sunansa cikin masu albashi, domin motar Sellers ma, duk da raina mu da mai ita ya yi, ba ta taɓa fita ba tare da makaniki ba.

Akwai kuma wani aiki na gaggawa wanda ban ga ana maganarsa ba. Zaren fim na shekarun 1950, in bai ruɓe ba, ana iya ɗaga shi ga rana a ga abin da yake ciki da ido, amma fayil ɗin da aka shirya a 2010 da Flash ko da wani maɓalli na musamman ba ya buɗuwa cikakke sai a kan irin kwamfutar da aka yi shi. A ofisoshin gona da na lafiya da na ƙananan hukumomi, daga Dogon Dutsi zuwa Kiyeshe zuwa Tibiri, ayyukan raya karkara da suka zo suka wuce sun bar irin waɗannan fayiloli, masu ɗauke da taswirar rijiyoyi da lissafin amfanin gona da darussan ungozoma, waɗansu da Hausa aka yi su da wahala mai yawa. Tsofaffin kwamfutocin da suke iya buɗe su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya saboda ƙura da zafi. Ya kamata magadan gari da shugabannin ma'aikatu su sa a tattara su tun yanzu, a buɗe kowanne a kan na'urar da ta rage da rai, a juye shi zuwa hoto da rubutu zalla, a kuma buga kwafi guda a takarda a ajiye a ofishin magajin gari.